Malam Abdussalam Mai Majigi da Finafinan da Ya So Ceto

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Malam Abdussalam a shekarar 1944 a unguwar Shahuci, cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Alhaji Khalid, jikan fataken Larabawa na garin Gadamus ne, mai sana'ar alkyabba a Kasuwar Kurmi, sunan mahaifiyarsa kuwa Mabruka. Abdussalam ya sauke Alƙur'ani, ya yi firamare, daga nan bai zarce ba.

Aikinsa da Aurensa

A 1963, ba da son ran mahaifinsa ba, ya kama aiki a wani gidan silima da ke bayan ganuwa, inda ya zama mai haska fim da majigi. Ya auri Malama Turai a 1970.

Gyaran Finafinai

A 1999, shekarar da mulki ya koma hannun farar hula, aka sayar da silimar aka mai da ita shaguna. Sabon mai wurin ya ba da umarnin a zubar da gwangwanayen tsofaffin finafinan Indiya da Masar da na kaboyi, sai Malam Abdussalam ya kwashe su a amalanke zuwa soron gidansu. A nan ya duƙufa, yana warware kowane naɗi, ya goge shi da auduga, ya liƙe inda ya tsinke, ya cike giɓi daga wani kwafin, da burin jama'a su sake ganinsu da launinsu na asali. Ya sha zarya zuwa ofisoshi neman ɗaki mai sanyi da na'urar kwafewa, kullum amsar ita ce ya dawo wani makon. Zafi kuwa bai saurara ba: finafinan suka yi tsami, suka manne, launinsu ya rine ja.

Shekarunsa na Ƙarshe

A daminar 2005 rufin soron ya rufta, fim ɗaya tak ya tsira, a lokacin kuma yanar ido ta riga ta rufe masa gani. Da abokin aikinsa Malam Nata'ala ya haska shi a zaure, sai ya tambaya, "Nata'ala, don Allah, shuɗin nan ya dawo?" Aka ce masa ya dawo, alhali bai dawo ba.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa wata ranar Juma'a a 2007, aka sallace shi a ƙofar gida, aka binne shi a maƙabartar Ƙofar Mazugal. Bayan arba'in magada suka sayar wa maƙera gwangwanayen, aka cinna wa naɗin wuta. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Yasir, Isiyaku, Sumayya da Ruƙayya. Allah ya jiƙansa.