Ranar da Nas Ta Zo Duba Inna

Inna, mahaifiyata, ta faɗi a banɗaki a gidanmu na unguwar Highbridge, a nan ƙasar waje. Tun daga nan wanka ya gagare ta ita kaɗai. Matata tana Maraɗi, ni kuma ina sayar da huluna da safar hannu a bakin titi. Ko ina gida ma, ɗa namiji ba ya yi wa uwarsa wanka. Maƙwabciyarmu, wata 'yar Kumasi mai jin Hausa, ita ke taimakawa in ta samu sarari. Ita ce ta gaya mini inshorar Inna tana biyan mai kula da tsofaffi a gida, amma sai an turo nas ta ga halin da ake ciki.

Ina tsoron a ce mun ƙara gishiri, ina kuma tsoron a ce ba mu da buƙata.

Ranar da nas za ta zo, Inna ta sa na ɓoye sandarta a bayan ƙofa. Ta ɗaura ɗankwali, ta shafa turare. Nas tana shigowa Inna ta miƙe ta tarye ta. Rabona da ganin ta miƙe haka tun kafin faɗuwar.

Ni ne tafinta. Nas ta ce in tambaye ta ko tana iya wanka da kanta.

Inna ta dubi bango. "Ka ce mata alhamdulillahi."

"Inna, ba gaisuwa take yi ba."

"Na ji. Ka ba baƙuwa ruwa."

Sai nas ta tambayi batun bayan gida. In na faɗi abin da Inna ba ta faɗa ba, na ci amanar fassara. In na faɗi nata, ba za a turo kowa ba.

Na nemi uzuri, na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciya. Ta fito hannu duk gari, ta saurare ni.

"Kai ma dai! Tsohuwa za ta faɗi wannan a gabanka? Zauna a waje."

Ta shiga ta karɓi aikin tafinta. Na zauna a matakala ina jan carbi, ina tunanin ko fitata ta saɓa doka.

An amince da mai kula, daga safe zuwa azahar. Abin da Inna ta faɗa a ɗakin ban tambaya ba har yau. Maƙwabciya dai ta ce in sayo kujerar wanka mai ƙafafun roba. Mai shagon da na je sayenta ƙato ne. Sai da na sa ya zauna a kanta na gani, sannan na saya.