'Yar Sharar da Na Kai wa Baba

Shekaru na yi a ɗakin gwaje-gwaje a Zariya ina fama da abu guda: yadda za a cusa wa zaren auduga wasu ƙananan ƙwayoyin kaki, waɗanda ido ba ya gani. Idan jiki ya ɗau zafi sai kakin ya narke ya shanye zafin, idan an yi sanyi ya daskare ya mayar da ɗumin. Saboda Baba nake yi. Manomin auduga ne a wajen Bakori, yana da hawan jini, kuma ko likita ya yi ta magana ba ya barin gona.

Da muka samu yadin farko da ya yi kyau, na sa aka ɗinka masa 'yar shara. Audugar gonarsa ce ma na kai aka gurza. Na kai masa ana gab da azumi, bazara ta kankama. Na yi ta bayani, ya saurara, ya ce, "Wato man shanu kika zuba a riga, Uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Na ce, "Baba, ta gona ce. Ku riƙa sawa in za ku sharar gona."

Ya shafa ta ya ce, "To, Allah ya yi albarka."

Duk lokacin da na buga waya sai ya ce riga tana aiki, sanyi kamar randa. Ni kuma, duk da ilimina, na yarda. Na manta a gidanmu sabon kaya ba ya fara fita sai ranar Sallah, balle wanda 'ya ta kawo.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah ya faɗi a gona da tsakar rana, da azumi a bakinsa. Kafin a kai shi asibiti a Malumfashi rai ya yi halinsa.

Washegarin sadakar uku da safe, Inna ta buɗe akwatinsa za a fitar da kayan bayarwa. 'Yar sharar tana can ƙasa a ninke, tare da hular da ya tanada don Sallah, ko karin ninkin bai baje ba. Haushinsa ya kama ni, wallahi, har na kasa kuka.

Na ɗora tafin hannuna a kanta. Nan da nan na ji sanyi yana ratsa shi. Tana aiki.