Wandon Dogo

Duk gidan hayar nan babu wanda ya lura cewa idan Baba Tela ya rage wa mutum wando, ba ya yanke rarar yadin. Ninke shi yake ta ciki ya bi da ɗinki. Idan an yi ƙorafin ƙugun ya yi tudu, sai ya ce, "Bar shi, mai jikin zai dawo."

Shekara talatin yana taka keke a ɗan shagon ƙofar gidan, shi kaɗai tun rasuwar matarsa, wadda kowa ke kira Iya. Ba mai yawan magana ba ne, amma tef ɗin awon da ke wuyansa kan san mace ta samu ciki tun kafin surukarta ta sani, ya kuma san wanda ciwo ke ci a ɓoye. Wandon Dogo, ɗan dakon da ke ɗakin ƙarshe, sau uku ya rage shi cikin wata biyar. A na ukun ya tura ƙofar shago ya ce, "Ɗana, gobe zan raka ka asibiti a gwada jininka." Aka samu ƙanjamau, aka ɗora shi kan magani. Maganar ta tsaya tsakaninsu har shekara ta zagayo.

Matar wani mai walda da ke gidan ce ta tsinci kwalbar maganin a shara, ta kai wani ya karanta mata sunan Dogo da ciwon da ake sha dominsa. Nan ta tuna 'yarta ƙarama kullum tana kurɓar shayi a kofin Dogo.

Ihu Baba Tela ya ji da hantsi. Ya shiga tsakar gida ya tarar da Dogo a bakin famfo, kumfar sabulu a fuska, mai walda a kansa da rodi.

"Tsinanne! So kake ka tafi da 'yata?"

Dukan farko ya sauka a kafaɗa, na biyu ya fasa kai. Direban da ke ɗaki na uku ya zo da katako, wani ya zare gorar shanya. Babu wanda ya sa hannu ko ƙafa. Daga nesa suke jibgarsa, kowa na lura da inda jini ke fantsama. Da ya faɗi, jinin ya biyo ruwan famfo, suka riƙa tsalle kamar an watso tafasasshen ruwa.

"Ku fitar da shi waje!" in ji matar mai walda.

"Ke zo ki ɗauka mana," in ji direba.

Sai suka shiga tura shi da sanduna kamar mushen maciji, yana nishi, yana kare kai da hannu.

Baba Tela ya kutsa tsakiya. Rodin da aka ɗaga wa Dogo ya same shi a hannun hagu, har ya ji ƙashin ya ce ƙas. Ya durƙusa, ya zura hannun dama cikin leda, ya jawo ƙyallen da ke kafaɗarsa ya danne raunin kan Dogo da shi.

"Baba, ka kauce!" Mai walda na haki. "Ka san abin da yake ɗauke da shi?"

"Ni na raka shi asibiti. Kai, kafin ka yi aure, shekara nawa kana cin abincin Iya?"

"Me ya kawo maganar Iya, Allah ya jiƙan ta?"

"Shekara shida. A kwanonta, da cokalinta. Taifot na ce muku ya kashe ta, ƙarya na yi. Wannan ciwon ne. Sau huɗu na rage mata riga, ta ƙi asibiti don tsoron rana irin ta yau. Ga ka nan garau, har da ƙarfin fasa kan mutum. Kofi ba ya ɗaukar ciwon nan. Kai yarinyar a gwada, hankalinka ya kwanta." Ya ɗago kai ya dube su. "Ni ma ƙwayar nake haɗiya kullum, shekara goma sha ɗaya. In duka ne, ga ni, na fi kusa."

Rodin ya tsaya a sama, sannan ya sauko a hankali. Direba ya yar da katakon. "Ku kama min shi, in kawo mota," ya ce. Babu wanda ya motsa, sai shi ya kama ƙafafun.

Ɗinki tara aka yi wa Dogo, ya dawo ɗakinsa. Mai walda bai ba da haƙuri ba, amma ya ɗauki 'yarsa sun nufi asibiti. Kafin la'asar mata uku sun zo shagon Baba Tela sun karɓe yadinsu, ɗaya da tsinin yatsu ta ɗauki nata.

Baba Tela ya koma gaban kekensa. Ya zauna, hannun hagu a rataye, ya jawo wandon Dogo, wanda ya kawo tun makon jiya wai ya matse shi. Ya danne shi da gwiwa, ya ɗauki reza, ya fara farke ɗinkin ƙugun.