Jan Fenti a Bakin Rijiyata

Shekara takwas ke nan da rasuwar Malam Bulus, kuma ban taɓa jin rashinsa kamar bana ba. Ni dillalin hatsi ne a Babbar Kasuwa, bokona bai yi nisa ba. Shi kuwa malami ne a wata kwaleji a nan cikin gari, Kirista daga kudancin Kaduna. Masara ce ta haɗa mu. Yana kiwon kaji a bayan gidansa, ni nake auna masa, kuma bai taɓa barin rumfata ba sai ya ce muduna ya rame.

A kwalejin, shi ne shugaban kwamitin da ke duba duk binciken da zai taɓa mutane, kafin a bar ɗalibi ya shiga unguwa. Wata rana ya ce ƙa'ida ta tanadi kujera ɗaya ta mutumin gari, kuma ni yake so. Na ce, "Malam, me zan karanta muku?" Ya ce, "Alhaji, wa ya ce ka yi karatu? Kunnenka nake so."

Ga yadda yake yi. Ɗalibi zai miƙe, ya ajiye takardunsa, ya yi mini bayani da Hausa kamar ni ne maigidan da zai yi wa sallama: me zai ɗauka a jikin iyalina, me zai iya cutar da su, da kuma cewa ina da ikon in ce a'a. Daga ƙarshe Malam Bulus zai cire tabarau ya yi tambayarsa: "To, yaushe za ka koma ka gaya musu abin da ka gani?" In babu amsa, babu izini. Ranar komawar kuma da kansa yake bin ɗalibin a tsohuwar motarsa. Yaran suka raɗa masa suna Malam Koma.

Ba zan ce ba shi da aibi ba. Yana da taurin kai, kuma akwai ɗaliban da ya jawo wa jinkirin kammalawa a kan abin da ni kaina nake ganin bai kai ba. Na faɗa masa. Ya ce, "Jinin mutum ba gyaɗar ɗanɗano ba ce, Alhaji. Aro ne." Bayan rasuwarsa aka daina kirana. An ce mini yanzu ta kwamfuta ake yi, ya fi sauri. Ban yi jayayya ba, na koma ga buhunana.

Bara da damina, wasu ɗaliban kwalejin nan suka shigo layinmu a Rigasa sanye da fararen riguna. Ina kasuwa. Suka ɗebi ruwan rijiyoyi a kwalabe, suka ɗauki jinin yara ta yatsa. Abin da suka gaya wa surukata, matar ɗana, shi ne gwajin lafiya ne kyauta, ita kuwa ta miƙa musu hannun jikata, Ummi. Bayan wasu makonni, sai biyu daga cikinsu suka dawo da gwangwanin fenti, suka shafa ja a bakin wasu rijiyoyi, har da tawa, suka tsallake wasu. Maƙwabcina ya tambaye su ma'anarsa, suka ce oga ne ya aiko su. Ba mu sake ganinsu ba.

Yanzu Ummi ba ta da lafiya. Ciwon ciki, ƙin abinci, ga wani shiru da ba nata ba. Yarinyar da ke tare ni a zaure tana laluben dabino a aljihuna, yanzu sai ta bi ni da ido kawai. Na kai ta asibiti, an yi maganin zazzaɓi, an yi na tsutsa, ba sauyi. Da na ba likita labarin fentin, sai ya ce, "Baba, me suke nema a jinin? In mun sani, za mu san inda za mu dosa."

Na rufe rijiyar da kwanon rufi, na ɗora dutse. Muna sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, amma ban san rijiyar da suke ɗebowa ba, ko ita ma mai ja ce. Na yi ta zarya a kwalejin. Malamin da ya jagoranci aikin yana hutun ƙaro karatu. Ɗaliban sun gama, sun tafi bautar ƙasa. Sakataren kwamitin, mutum mai ladabi, ya ce aikin ya samu izini daidai, kuma ba a sakin sakamako sai an wallafa. Na tambaye shi wa ya zauna a kujerar mutumin gari ranar da aka ba da izinin. Ya sunkuyar da kai.

Ina yawan tunanin abin da Malam Bulus zai yi. Na san ba zai rubuta wa kowa wasiƙa ba. Zai tura motar nan tasa har ta tashi, ya nemo ɗalibin da ya ɗauki jinin ko a wace jiha yake, ya kawo shi ƙofar gidana. Na ɗauka ya bar tsari a bayansa. Ashe tsarin a ƙafarsa yake, aka binne su tare a garinsu.

Amma akwai waɗanda suka tsaya a gabansa suna gumi suna neman Hausar abin da za su faɗa. Da ku nake. Yau wasunku manya ne a kwalejin nan, kuma na san kuna karanta jarida. Ku kuka gaji tambayarsa, in har ta rage a wani wuri. Ba ƙara zan kai ba, ba diyya nake nema ba. Wataƙila ma jan nan ba komai ba ne, alamar ƙirga ce kawai. To a zo a faɗa mini haka. In kuma wani abu ne, a faɗa wa likitan Ummi tun tana iya haɗiye magani.

Damina ta sake zagayowa, ruwa ya fara wanke fentin. Jiya na sayo gwangwani na sake shafa shi da hannuna, don kada wanda zai dawo ya kasa gane gidan.