Yadda Sunan Hajjo Ya Bar Jikin Kwalba

Hajjo 'yar Dingaya ce. A nan aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da gona ƙarama. Matsar man gyaɗa ce sana'arta, kuma tana da tsantseni a kai: gyaɗar da ta yi fumfuna ba ta shiga kaskonta ko da kyauta aka ba ta. Matan unguwa kan zo su taya ta tsinta da suya, su tafi da ƙuli-ƙuli da ɗan kuɗin sabulu. Ranar kasuwar Sara, kafin azahar jarkarta ta ƙare.

Wani ɗan kasuwa, Alhaji Datti, ya buɗe babban kanti a Birnin Kudu, irin wanda mutum ke ɗaukar kwando ya zaɓi kaya da kansa. Ya ji labarin man, ya aiko aka ɗauki Hajjo. Ya ce zai riƙa zubawa a kwalabe, a manna takarda mai sunanta. Da ta ga kwalaben jere a kan kantoci, fitila na haska su, sai ta rufe baki da mayafi don kada ma'aikata su ga tana dariya. Shekarun da suka biyo baya ta sa kwano a ɗakinta, ta aurar da 'yarta Rufaida ba tare da ta roƙi kowa ba.

Sai Alhaji Ashiru ya buɗe nasa kantin a tsallaken titi, gaba da gaba da na Datti. Daga nan zaman lafiya ya ƙare. Wannan ya karya farashin sukari, wancan ya karya na taliya. Ashiru ya janye ma'aikatan Datti da ƙarin albashi. Datti ya saye burodin gidan burodi kaf, don a wayi gari kantin Ashiru babu ko ɗaya.

Wata rana Ashiru ya zo Dingaya da kansa, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure.

"Inna Hajjo, ki daina kai wa Datti," in ji shi. "Ki kawo mini ni kaɗai, zan ƙara miki a kan abin da yake ba ki."

"Alhaji, gyaɗa ba ta ƙare a duniya ba," ta ce. "In matsa maka naka, in matsa masa nasa. Amma mutumin da ya fara ɗaga ni, ba zan juya masa baya ba."

Ya yi murmushi, ya sha ruwa, ya yi sallama.

Ba a jima ba wani saƙon murya ya fara yawo a wayoyin mutane. Mace ce tana kuka, tana cewa 'ya'yanta sun ci abincin da aka dafa da man Hajjo na kantin Datti, sun kwana amai, wai da man inji ake haɗa shi. Ba ta faɗi sunanta ba, ba ta faɗi unguwarsu ba, kuma har yau ba wanda ya ce ya san ta.

Hajjo ta shiga mota ta tafi Birnin Kudu. Ta tarar an kwashe kwalabenta, an jera man kamfani a gurbinsu. Ta ce wa Datti a tara mutane, ta sha man a gabansu.

"Inna, na san ƙarya ce, na kuma san inda ta fito," ya ce, yana kallon ƙofa. "Amma kanti ba kotu ba ne. In na tsaya kare ki, har masu sayen shinkafa sai su tsallaka titi."

A kasuwar Sara, matan da suka shekara suna saye a wurinta suka koma gaishe ta daga nesa. Masu taya ta aiki suka janye ɗaya bayan ɗaya, wai mazansu sun hana. Liman ya yi wa'azi a kan ƙazafi, mutane suka gyaɗa kai, amma ba wanda ya dawo. Da Rufaida ta haihu, Hajjo ta aika da mai galan guda don suna. Dangin mijin Rufaida suka dawo mata da shi a rufe, da godiya. Wannan ne ya kwantar da ita, ta yi kwanaki ba ta hura wuta ba.

Bayan kaka wani dillali mai suna Hambali ya zo. Ya ce zai riƙa ɗauka a jarka, a farashin da da ƙyar ya fi kuɗin gyaɗa, da sharaɗin kada ta faɗa wa kowa. Daga baya ta gano kantin Ashiru yake kaiwa, a zuba a kwalabe masu sunan kantin. Ta sani, ta ci gaba da matsa, don akwai bakunan da ke jiran tuwo.

A wani biki a Gwaram aka ajiye mata shinkafa da wake. Loma ɗaya ta gane man da ta matsa ne aka zuba. Matar da ke gefenta, wadda ba ta san ta ba, ta ce, "Na kantin Alhaji Ashiru ne. Mai tsafta, ba irin na matar nan ta Dingaya da ta so kashe 'ya'yan mutane ba."

Hajjo ta ce, "Allah ya kyauta." Ta wanke hannu, ta nemi takalmanta, ta fita tun ba a kawo amarya ba.