Ƙwanƙwasa a Hannun Malam Saurara

Tun tana 'yar shekara biyar murfin tukunya bai huta ba a gidansu. Cokali biyu za ta samu, ta bi bokiti da ƙofa da ƙafar gado da duka, har mahaifinta, wanda kafinta ne, ya laƙaba mata Ƙwanƙwasa.

Da ta gama sakandare ta ce makarantar koyon kiɗa za ta, sai uwarta ta riƙe haɓa. "Kiɗan ma sai an je makaranta? To wanda kika shekara goma sha uku kina yi mana fa?" Baban ya tuntsire da dariya, ya shiga shago ya feƙe mata sandunan kiɗa biyu.

A can ta faɗa hannun wani dattijo mai koyar da jaz, kiɗan da makaɗa ke ƙirƙira nan take suna amsa wa juna. Ɗalibai na kiransa Malam Saurara. Ranar farko ta zauna gaban ganguna biyar da fayafayan tagulla, ta zazzage duk abin da ta iya, har gilashin taga ya ɗauki rawa. Ta ɗago tana haki, tana jiran yabo.

"'Yata, wa ya ɓata miki rai?"

"Ba kowa, Malam."

"To me gangunan suka yi miki?"

Wata uku ya hana ta sanduna. Ya zaunar da ita kusa da wani ɗalibi mai kaɗa fiyano, ta riƙa jin inda kiɗansa yake numfasawa, tana tafi a hankali. Ta yi fushi, ta yi kuka a bayan aji, amma kunnenta ya buɗe. Ran da ya mayar mata da sandunan, mai busa ƙaho na ajin ya busa wata gajeriyar tambaya, ta ba shi amsa da bugu uku kacal. Malam ya cire tabarau ya ce, "Yauwa! Yau kin yi magana."

Bayan ta kammala, ta shekara shida tana bin ƙungiyoyin wasu, tana ɗaure ganguna a saman mota, tana rubuta nata kiɗan a littafin aljihu in an tsaya shan mai. Daga baya ta haɗa tata ƙungiyar ta mutum huɗu. Faifansu na farko, kiɗa takwas duk nata, a kwana biyu suka naɗe shi. Da aka sa shi a rediyo tana cikin tasi, ta dafa kafaɗar direba tana ihu, "Ni ce! Wallahi ni ce!" Mutumin ya ƙara murya, ya zagaya da ita shataletale sau biyu har kiɗan ya ƙare.

Yanzu tana koyarwa kwana biyu a mako, sauran kwanakin tana hanya. Bara ta auri wani likitan kunne. 'Yan ƙungiyar suna tsokanarsa cewa ita ke turo masa marasa lafiya, shi kuwa ya ce ai shi ya sa yake zama a sahun gaba in tana wasa, don ya ga wanda zai fara zuwa asibitinsa.