Bindigar da Na Ƙera a Cikin Waya

Kwana bakwai Baba ya ba ni. Ko in nuna masa cewa wannan wasan waya da nake haɗawa aiki ne, ko ranar Litinin in hau motar Birnin Kebbi wurin tantance masu shiga soja. A gidanmu a Zuru kowane namiji kaki ya sa. Yayana ya sa, akwatinsa kawai aka dawo mana da shi. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba.

Wasan farautar zabi ne. In ka harba, ƙwayoyin harsashi su fita daga bakin bindiga su bazu kamar mazurari, kowace ta kama hanyar da kwamfuta ta zaɓa mata kamar an jefa ƙuri'a. To, nawa ƙwayoyin 'yan banza sai su cunkushe a tsakiya, gefe fayau. Baba, tsohon soja kuma maharbi, ya leƙa sau ɗaya ya ja tsaki. "Wannan tofin yawu ne, ba harbi ba."

Na canza lissafi, suka fito da kusurwa huɗu kamar taga. Na sake, suka koma tsakiya. Ranar Asabar na kusa jefa kwamfutar a rijiya, wallahi.

Ina zaune a tsakar gida na dafe kai, Mama na saƙa faifai tana mita. "Kaba ta ƙare mini. Zagayen tsakiya ba ya cin komai, na baki ne maciyi."

Na miƙe zumbur. Ashe ni ma a wasana rabon ƙwayoyi daidai nake yi wa kowane zagaye, alhali na baki ya fi faɗi! Na gyara, kowane zagaye ya samu kaso gwargwadon faɗinsa. Na harba. Suka bazu tsaf.

Ranar Lahadi bayan coci na miƙa wa Baba wayar. Ya harba sau uku, zabi biyu suka faɗi. Ya daɗe yana kallo, har ya yi murmushi, abin da rabonmu da mu gani tun rasuwar yayana.

"Kai, yaro, ashe ka san bindiga haka?" Ya dafa kafaɗata. "Irinku sojoji suke nema. Gobe motar ƙarfe shida za ka hau."

Mama ba ta ɗago ba. Faifan nan har yau ba ta ƙarasa shi ba.